Ganau Mai Gaskiya Ma Yana Kuskure

A kotu ko a ƙofar gidan mai unguwa, babu maganar da ke kashe gardama kamar mutum ya dafa ƙirji ya ce da idonsa ya gani. Daga nan sai kowa ya yi tsit, domin gani ya kori ji, kuma mun saba raba mutane gida biyu, ganau da jiyau, mu ɗora wa na farko duk nauyin magana. In ma an yi shakkar ganau, abu ɗaya ake tuhumarsa da shi, wato ƙarya: ko an saye shi, ko yana da wata a ƙasa tsakaninsa da wanda yake nunawa. Shi ya sa kusan duk kariyar da aka tanada, daga rantsuwa zuwa tambayoyin ƙure na lauya, maganin maƙaryaci ce. To amma binciken da masana halayyar ɗan Adam suka shafe fiye da shekara 50 suna yi a kan gani da mai da hankali da tunawa ya fito da mutum na uku wanda ba a yi masa tanadi ba. Shi ne wanda yana wurin aka yi abin, bai ci kuɗin kowa ba, yana tsoron Allah, ya kuma rantse a kan abin da ba haka ya faru ba. Ra'ayina shi ne wannan mutumin ya fi maƙaryaci haɗari, domin babu abin da zai tona shi a fuska ko a murya, kuma maganinsa gyara yadda ake karɓar shaida tun ranar farko ne, ba watsi da shaidar ido ba.

Matsalar tana farawa tun kafin a zo batun tunawa. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris, a Jami'ar Harvard, suka nuna wa mutane gajeren bidiyo na matasa shida, uku da fararen riguna uku da baƙaƙe, suna jefa wa juna ƙwallon kwando. Aka ce wa masu kallo su ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa ƙwallo. Ana cikin haka wata mata sanye da shigar goggon biri ta ratso tsakiyar 'yan wasan, ta tsaya ta fuskanci kyamara, ta bugi ƙirji, ta wuce abinta. Kusan rabin masu kallo ba su san an yi ba. Mai yiwuwa a ce ai waɗannan 'yan koyo ne. To a 2013 Trafton Drew da Melissa Võ da Jeremy Wolfe suka gwada ƙwararrun likitoci 24 masu karanta hoton cikin jiki. Suka ba su hotunan huhu su nemo ƙulluwan da ke iya zama daji, suka ɓoye hoton goggon biri a ciki wanda ya ninka matsakaicin ƙulli sau 48. Likitoci 20 ba su gan shi ba, kuma na'urar bin motsin ido ta nuna yawancinsu sun kalli daidai inda yake. Ashe ido ya sauka a kan abu daban ne, hankali ya ɗauke shi kuma daban. Abin da mutum ya sa a gaba shi ke zaɓar masa abin da zai gani, saura kuma ya wuce kamar ba a yi ba, ba tare da ya ji wani giɓi ba.

Wannan ya taɓa jefa mutum cikin tsaka mai wuya. A watan Janairun 1995, a birnin Boston na Amurka, wani ɗan sanda mai suna Kenny Conley yana bin wani da ake zargi a guje cikin dare, ya wuce ta kusa da inda wasu 'yan sanda ke dukan abokin aikinsu Michael Cox, baƙar fata mai farin kaya, wanda suka ɗauka shi ne mai laifin. Conley ya ce bai ga dukan ba. Masu taya alƙali yanke hukunci suka ce ba zai yiwu ba, aka same shi da laifin shaidar zur, aka yanke masa wata 34, kodayake daga baya an soke hukuncin. A 2011 Chabris da abokan aikinsa suka kwaikwayi lamarin: suka sa ɗalibai su bi wani mai gudu suna ƙirga sau nawa ya taɓa kansa, a gefen hanya kuma mutum uku suna dambe na ganganci, har da ihu. Da dare kashi 35 cikin 100 ne kawai suka lura da faɗan. Da rana tsaka ma kashi 56 ne. Wannan bai tabbatar da cewa Conley gaskiya ya faɗa ba, amma ya rushe hujjar da aka kama shi da ita, wato cewa duk wanda ya wuce ta nan dole ya gani.

Abin da ya samu shiga kuwa ba ya zama yadda ya shiga. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa ɗalibai fim na haɗarin mota, suka tambaye su gudun da motocin ke yi. Kalma ɗaya kawai suka riƙa canzawa a tambayar. Waɗanda aka tambaya da kalmar da ke nufin motocin sun ragargaji juna suka ƙiyasta sama da mil 40 a awa, waɗanda aka ce musu motocin sun taɓa juna suka ce ƙasa da mil 32. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne gwaji na biyu. Bayan mako guda aka tambayi mutane ko sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a fim ɗin. Cikin 50 da aka yi wa tambaya da kalma mai zafi, 16 suka ce sun gani, cikin 50 da aka yi wa da kalma mai sauƙi kuwa 7 ne. Mai tambaya ya dasa gilashi a kan mai amsa ba tare da ɗayansu ya sani ba. Hira tsakanin shaidu ma haka take yi. A wani gwaji na Fiona Gabbert da abokanta a 2003, aka nuna wa mutane bibbiyu abu ɗaya daga kusurwa daban-daban aka bar su suka tattauna, sai kashi 71 cikin 100 suka ba da labarin abubuwan da a bakin ɗayan suka ji kamar da idonsu suka gani. Duk wanda ya san yadda ake taruwa a bakin titi bayan haɗari ko fashi, kowa na ba kowa labari kafin 'yan sanda su iso, ya san jiyau yana rikiɗewa ya koma ganau cikin rabin awa, shi kansa bai san lokacin da hakan ta faru ba.

Har tabbacin da mutum ke ji a ransa ana iya hura masa shi. Gary Wells da Amy Bradfield, a 1998, suka nuna wa mutane bidiyon wani ɗan bindiga, sannan suka ba su hotuna su zaɓa, alhali hoton mutumin ba ya ciki. Duk wanda ya zaɓa, kuskure ya yi. Sai aka ce wa wasunsu madalla, kun nuna wanda ake zargi. Waɗannan da aka yaba wa, da aka tambaye su daga baya, suka ce tun farko suna da yaƙini, sun ga fuskar sosai, sun mai da hankali a kanta, ba su sha wuyar zaɓa ba. Kalmar yabo ɗaya ta koma baya ta gyara musu tarihin abin da suka gani.

Labarin Ronald Cotton ya haɗa duk waɗannan wuri guda. A 1984, a jihar North Carolina, wani ya shiga ɗakin wata ɗaliba mai suna Jennifer Thompson ya yi mata fyaɗe. Ta yi ƙarfin hali ta riƙa nazarin fuskarsa da niyyar ta gane shi in ta rayu. Da aka ba ta hotuna ta ɗauki mintoci tana jujjuyawa kafin ta tsaya a kan Cotton. Aka nuna mata cewa ta dace. Aka sake kawo shi cikin jerin mutane ta sake nuna shi, a kotu kuma ta nuna shi ba ko ɗar. A 1987, a shari'a ta biyu, aka kawo ainihin wanda ya aikata, Bobby Poole, gabanta, ta ce ba ta taɓa ganinsa ba. Fuskar Cotton ta riga ta maye gurbin tasa. Sai a 1995 gwajin ƙwayoyin halitta na DNA ya wanke Cotton, bayan ya haura shekara 10 a kurkuku. Ba shi kaɗai ba ne. Farfesan shari'a Brandon Garrett ya bi diddigin mutum 250 na farko da DNA ya wanke a Amurka, ya samu cewa 190 daga cikinsu shaidar ido ce ta taimaka wajen ɗaure su. A fayilolin da ya iya samu, fiye da rabi sun nuna cewa shaidun da suka yi magana da yaƙini a kotu tun farko da shakka suka fara, wasu ma wani daban suka fara nunawa.

A nan ne binciken zamani ya juya, kuma wannan juyin shi ne ya kamata ya fi shiga kunnenmu. Shekaru da dama ana ta yaɗa cewa shaidar ido ba abin dogaro ba ce sam, tabbacin shaida kuma ba ya nuna komai. A 2017 John Wixted da Gary Wells, waɗanda a da suke kan ra'ayi mabambanta, suka tattara bincike masu yawa suka nuna cewa wannan ya wuce gona da iri. Idan gwajin farko ne, an kuma yi shi da tsafta, shaidar da ya nuna mutum nan take da cikakken tabbaci galibi daidai yake, wanda ya yi ta inda-inda kuma galibi yana cikin haɗarin kuskure. A 2021 su biyun suka haɗu da Loftus da Garrett suka fitar da matsaya cewa sau ɗaya tak ya kamata a gwada tunanin shaida game da wanda ake zargi, domin gwajin kansa yana gurɓata abin da ake gwadawa. Masu bin sawu sun daɗe da sanin haka a fagensu: sawun ɓarawo hujja ne mai ƙarfi da asuba, amma da zarar jama'a sun tattake wurin, ko an ga sawu ba a san na wa ba ne. Thompson ba ta yaudari kowa ba ranar farko, jinkirinta ya faɗi gaskiya. Tsarin da ya goge jinkirin ya miƙa wa kotu yaƙini shi ne ya yi ɓarnar.

Wani zai ce wannan duk tunanin Turawa ne da ake son cusa wa al'ummar da ta ginu a kan amana da rantsuwa. Ba haka ba ne. Malaman hadisi tun ƙarnonin farko ba su wadatu da cewa mai ruwaya adali ne ba, sai sun bincika kiyayewarsa, kuma littattafansu cike suke da salihan bayin Allah waɗanda aka ajiye ruwayarsu saboda yawan ruɗewa ko rikicewar tunani a ƙarshen rayuwa. A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a na Arewa ke aiki da shi, Muhtasar na Halil ya sa rashin yawan rafkana cikin sharuɗan mai ba da shaida. Ibn al-Haytham kuma, a ƙarni na 11, ya ware kashi guda na littafinsa a kan gani ga kurakuran ido. Rarrabe gaskiyar mutum da daidaituwar abin da ya riƙe tsohon ilimi ne a gidanmu. Abin da binciken yau ya ƙara shi ne rafkana ba ta wasu tsirarun mutane ba ce da za a tace a fitar. Kowa na iya zama mai rafkana in an ba shi duhu, da tsoro, da bakin bindiga a gabansa, da tambaya mai jan baki.

Suka mafi nauyi ita ce ta ingancin binciken kansa. Gaskiya ne yawancin waɗannan gwaje-gwaje a kan ɗaliban jami'a na Amurka da Turai aka yi su. Joseph Henrich da abokansa sun nuna a 2010 cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwadawa a manyan mujallun fannin daga ƙasashen da ke da kashi 12 na al'ummar duniya suke. Gaskiya ne kuma a 2015, da aka sake gudanar da bincike 100 na fannin, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka ba da sakamako mai ƙarfi irin na farko. Wanda ya yi taka-tsantsan da duk abin da aka ce masana halayya sun gano bai yi laifi ba. Sai dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A wancan gwajin na 2015 binciken gani da tunawa ya fi na zamantakewa tsayawa da ƙafafunsa, kuma rashin ganin abin da ba a zata ba, da gurɓacewar tuni ta hanyar bayanan da suka zo daga baya, an maimaita su sau da yawa a ƙasashe daban-daban. Muhawarar da ake yi yanzu a kan iyakar abin take. Masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins, misali, sun nuna cewa waɗanda ke cewa ba su lura da komai ba sukan iya cankar launi ko wurin abin fiye da yadda sa'a kaɗai za ta ba su, wato wani ɗan abu yana shiga ko da mutum bai iya tsayawa a kansa ba. Wannan gyara ne ga fahimta, bai mai da ido ya zama kyamara ba. Sannan mutanen da DNA ya wanke ba ɗalibai ba ne a ɗakin gwaji. Game da bambancin al'ada kuwa, ɗan abin da aka yi a yankinmu ƙara nauyin hujjar yake yi. Nkansah Anakwah da abokan aikinsa, a 2020, sun kwatanta shaidu a Ghana da na Holand, suka ga na Ghana ba sa zuba bayani dalla-dalla in an bar su su yi magana da kansu kamar yadda na Holand ke yi. Inda tarbiyya ta koya wa mutum taƙaita magana gaban na gaba da shi, mai tambaya zai ji dole ya riƙa jawo amsa, jawo amsar kuwa ita ce ƙofar da gilashin Loftus ya shigo.

Sai sukar da ta fi kusa da zuciyar mutane: a ƙasar da gwajin DNA da kyamarar tsaro ba su wadata ba, shaidar ido ita ce kusan duk abin da ake da shi, in an raunana ta ɓarayi da 'yan fashi za su riƙa fita kotu suna dariya. Ni a ganina hujjar juyewa take yi. Wanda ke da rijiya ɗaya shi ya fi kowa bukatar ya rufe bakinta. A Amurka an gano kurakuran ne don akwai DNA da zai tona su bayan shekaru, a inda babu shi kuskuren yana nan, sai dai ba mai ganinsa. Kuma duk lokacin da aka ɗaure wanda bai ji ba bai gani ba, an rufe fayil ke nan, mai laifin na gaskiya yana yawo a gari. Gyaran da masana suka ba da shawara kuwa ba na kuɗi ba ne. A raba shaidu tun kafin su haɗa labari. A bar kowa ya faɗi nasa da bakinsa kafin a jefa masa tambaya. A faretin tantancewa a sa wanda ake zargi mutum ɗaya cikin waɗanda suka dace da siffar da shaida ya bayar, jami'in da ke gudanarwa kada ya san wane ne a cikinsu, a gaya wa shaida cewa mai yiwuwa mai laifin ba ya cikin jerin, a rubuta da kalmominsa iya tabbacin da yake da shi a daidai lokacin, a ɗauki komai a bidiyo. Wayar da ke aljihun kowane kurtu ta isa. Kotunanmu ma ba baƙi ba ne ga wannan tunani, domin Kotun Ƙolin Najeriya ta sha kafa hujja da hukuncin Turnbull na Ingila na 1976, wanda ya wajabta duba tsawon lokacin da shaida ya ga mutumin, da nisa, da haske, da ko ya san shi a da. Matsalar ita ce alƙali yana zuwa a ƙarshe, bayan watanni ko shekaru, lokacin da aikin gama ya gama a ofishin 'yan sanda. Al'adar yin holin waɗanda ake zargi gaban 'yan jarida ta fi komai ɓarna a nan, don kuwa shaidar da ya ga fuskar mutum a talabijin ko Facebook, zaune a ƙasa da ankwa, ba za a ƙara sanin ko daga daren fashi ya tuna ta ko daga allon waya ba. Jihar Legas ta haramta wannan holi a dokarta ta 2021, kuma ko don kare shaida kaɗai ya cancanci sauran jihohi su bi sahu.

Akwai inda masu suka ke da gaskiya. Gane maƙwabci ko abokin kasuwa da aka sani shekara da shekaru ba daidai yake da gane baƙon da aka gani na daƙiƙa goma ba, kuma laifuffuka da yawa a garuruwanmu tsakanin waɗanda suka san juna ake yin su. Yawancin binciken a kan baƙuwar fuska yake. Ko a nan ɗin ma hukuncin Turnbull ya ja kunne cewa mutum kan ɗauki wani a matsayin ɗan'uwansa ko amininsa daga nesa, amma haɗarin bai kai na baƙo ba, bai kuma kamata a yi kamar ya kai ba.

Baƙon dai shi ne abin ji, domin shi ne wanda taron jama'a ke yanke wa hukunci a kan titi, inda babu alƙali balle gargaɗi. A ranar 22 ga Yulin 2005, washegarin wani yunƙurin kai harin bam a Landan, 'yan sanda suka harbe Jean Charles de Menezes, ɗan Brazil mai gyaran lantarki, a tashar jirgin ƙasa ta Stockwell. Shaidu suka gaya wa 'yan jarida cewa yana sanye da ƙatuwar rigar sanyi a tsakiyar bazara, ya kuma tsallake shingen tikiti a guje. Duniya ta ɗauka. Hotunan kyamara suka nuna jaket mara nauyi ce a jikinsa, ya bi ta ƙofar tikiti kamar kowa, har ya tsaya ya ɗauki jaridar kyauta. Mutanen da ke cikin firgici sun ga abin da firgicin ya shirya su su gani. A Aluu ta jihar Ribas, a watan Oktoban 2012, ihun ɓarawo ya isa a kashe ɗaliban Jami'ar Fatakwal huɗu. A Uromi ta jihar Edo, a watan Maris na 2025, aka kashe mafarauta 16 da ke kan hanyarsu ta komawa Kano, bayan an ga bindigoginsu na farauta an ce masu garkuwa da mutane ne. Ilimin halayya ba ya wanke ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗaga sanda ko suka kawo fetur, ƙiyayya da sanin cewa ba abin da zai biyo baya suna da kasonsu babba. Amma a kowane irin wannan taro akwai ɗimbin mutanen da suka iso bayan an fara, suka tarar da ihu da jini, waɗanda in an tambaye su da yamma za su rantse sun ga laifin da idonsu. Ɗan jaridar da ya iso ya miƙa musu makirufo, ya rubuta cewa wani ganau ya tabbatar, ya kamata ya fara tambayar kowannensu inda yake tsaye, da ƙarfe nawa ya iso, da wanda ya fara gaya masa abin da ya faru, ya kuma sa amsoshin a cikin rahoton.